Ƙurajen fuska sun hana ɗana fita: me ke kawo su, kuma yaya ake maganinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare. Kusan shekara guda ke nan ƙuraje suka feso masa a goshi da kumatu, yanzu sun sauko har ƙirji da gadon baya. Wasu ƙanana ne masu baƙin kai, wasu manya masu ciwo, in sun baje sai su bar baƙin tabo. Mun saya masa wani man shafawa a kemis, da farko suka kwanta, da ya daina sai suka dawo fiye da da. Kakarsa ta ce gyaɗa ce da dattin jini. Babansa ya ce a ƙyale shi, in ya girma za su tafi. Shi kuwa yaron ya daina zuwa ƙwallo, ko hoto ba ya yarda a ɗauke shi. Me zan yi? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri da kika ɗauki abin da muhimmanci.

Maganar babansa tana da gaskiya a ciki, amma rabi. Yawancin samari ƙurajen nan suna ja da baya da kansu idan sun haura shekara 20. Abin da ba ya tafiya shi ne ramukan da manyan ƙuraje ke bari a fata, da tabon da kan yi tudu a ƙirji ko muƙamuƙi. A bayaninki na ga abubuwa uku da suka sa ba zan ce a zauna jira ba: akwai manya masu ciwo, sun kama baya da ƙirji, kuma yaron ya fara ɓuya daga mutane. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a fara magani.

Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin fatar, domin in aka gane shi, sauran bayanin zai zo da sauƙi. A gindin kowace ƙofar gashi akwai wata 'yar jaka da ke samar da maiƙo, shi ne ke hana fata bushewa. Waɗannan jakunkuna sun fi yawa da girma a fuska, da ƙirji, da kafaɗu, da saman baya. Idan yaro ya fara balaga, sinadarin testosteron yana ƙaruwa a jininsa. Shi ne ke buɗe masa murya, ya fito masa da gashin baki, ya faɗaɗa masa kafaɗa, kuma shi ne dai ke sa jakunkunan nan su ƙara girma su riƙa zubo maiƙo da yawa. A daidai wannan lokaci, matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su kakkaɓe su fita sai su riƙa manne wa juna a bakin ƙofar, su haɗu da maiƙon su toshe ta. Idan bakin ƙofar a rufe yake, sai a ga ɗan ƙurji fari ƙarami. Idan a buɗe yake, iska ta taɓa abin da ke ciki sai ya yi duhu, shi ne mai baƙin kan da kika gani. Wannan baƙin ba dauɗa ba ce, kuma soso ba ya fitar da shi.

Akwai kuma wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje, sunanta Cutibacterium acnes. Tana son wurin da babu iska kuma akwai maiƙo, don haka ƙofar da ta toshe gida ce a wurinta. Idan ta yi yawa, jiki ya tura dakarunsa, sai wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. Idan bangon ƙofar ya fashe ta ciki, abin ya watsu a ƙarƙashin fata, nan ne ake samun manyan nan masu tauri da ciwo, kuma su ne masu barin rami. Matsa ƙurji da yatsa yana fasa wannan bangon ne da hannu. Shi ya sa yaron da ke yini gaban madubi yana matsa ya fi kowa tabo.

Abin ya zama ruwan dare: ƙididdigar da likitocin fata a Amurka ke yawan ambatawa ita ce kusan mutum 85 cikin 100 na 'yan shekara 12 zuwa 24 suna samun ƙurajen nan, kaɗan ko da yawa. A shekarun samartaka na maza sukan fi tsanani, kuma sun fi kama baya da ƙirji. Gado ma yana da hannu. Ki tambayi babansa ko kawunansa yadda fuskarsu ta kasance a wannan shekarun, amsar za ta ba ki hasken inda nasa za su iya kaiwa.

Game da maganar kaka, Allah ya ƙara mata lafiya, jinin jikanta ba shi da datti. Babu wani jiƙo ko maganin wankin ciki da zai buɗe ƙofar gashin da ta toshe. Gyaɗa ma, da ƙuli-ƙuli da ƙwai, an daɗe ana ɗora musu laifi ba tare da ƙwaƙƙwarar hujja ba, kuma man da mutum ya ci a abinci ba shi ne ke fitowa ta fuskarsa ba. Inda bincike ya nuna alaƙa, ko da ba mai ƙarfi sosai ba, shi ne abubuwan da ke ɗaga sukarin jini da sauri, irin su lemon kwalba, da alewa, da biskit, da shayi mai cokali huɗu na sukari, da kuma yawan shan madara ga wasu mutane. Rage waɗannan yana da amfani ta kowace fuska, amma kada a hana yaro mai tasowa abinci da sunan magani. Sannan akwai maganar da samari ke yi a tsakaninsu, wai ƙuraje alamar yawan sha'awa ce, ko wai sai an yi aure suke tafiya. Babu gaskiya a ciki, kuma ina so ya ji haka daga bakin babba, domin yara da yawa suna ɗauke da kunyar wannan zance a ransu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, man da kuka saya a kemis. Ki ɗauko kwalinsa ki duba jerin sinadaran da aka rubuta. Idan kin ga betamethasone, ko clobetasol, ko dexamethasone, ko hydrocortisone, to akwai sitiroyid a ciki, wato wani rukunin magunguna masu danne kumburi. Yawancin mayukan nan da ake cewa suna aiki uku a lokaci guda haka suke: sitiroyid, da maganin makero, da maganin bakteriya a haɗe. An yi su ne don wasu cututtukan fata na daban, kuma na ɗan gajeren lokaci. Sitiroyid yana danne kumburi nan take, shi ya sa a makon farko kowa yake murna. Amma yana sirantar da fata, yana ɗashe launinta, yana fito da nankarwa da ƙananan jijiyoyi, kuma shi da kansa yana haifar da wasu ƙuraje masu kama da juna, jere kamar an shuka su. Da an daina sai fuska ta yi bore, a koma a sake shafawa, a haka har a shekara. Da yawa daga cikin samarin da nake gani a asibiti, sai na fara gyara ɓarnar man shafawa kafin in isa ga ƙurajen da suka fara da su. Idan kwalin ya nuna haka, ya daina, kuma ku sani makonni biyu zuwa huɗu na farko fuskar za ta iya yin ƙaiƙayi, ta yi zafi, ƙurajen su ƙaru. Wannan zai wuce. In ya daɗe yana shafawa, wata da watanni, gara likita ya tsara masa yadda zai janye a hankali. Haka nan ki tambaye shi cikin hikima ko yana shan ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha ka fashe, ko allura da garin gina tsoka da masu ɗaga ƙarfe ke ba juna. Duk suna feso ƙuraje, musamman a baya da kafaɗu.

Sauran abubuwan da za a ajiye su ne makilin, da lemun tsami, da toka, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwan wanka, da dirza fuska da soso. Dukkansu suna ƙona fata, kuma a baƙar fata irin tamu duk inda ya ƙone ko ya kumbura, baƙin tabo ne ke biyo baya. Sabulun salo ma wani yana da kaifi sosai. Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mai laushi da tafin hannu ya isa, sai kuma bayan ƙwallo idan ya yi gumi. Ruwan alwala ba ya cutarwa ko kaɗan. Man gashi mai kauri, da baselin, da man kwakwa, a nisanta su daga goshi da kumatu, domin ƙurajen da ke jeruwa a bakin gashi sau da yawa daga nan suke. A lokacin hunturu, da fata ke tsagewa, ya nemi man shafawa mai ruwa-ruwa marar nauyi don fuska, masu kaurin a bar wa ƙafa da hannu.

Maganin gaskiya na shafawa guda biyu ne ginshiƙai, kuma ana samun su a manyan shagunan magani. Zan rubuta sunayensu yadda za ki gan su a jikin kwali.

Na farko benzoyl peroxide. Yana kashe bakteriyar nan, kuma ba ta iya saba masa kamar yadda take saba wa sauran magunguna. A fara da mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin 100. Mai kashi 10 bai fi su aiki ba, ya dai fi su ƙona fata. Akwai na shafawa, akwai na wanki. Don baya da ƙirji na wankin ya fi sauƙi: ya shafa a wurin wanka, ya bar shi kamar minti biyu, ya ɗauraye. Ki lura yana cin launin tufafi, don haka tawul da rigar filo su zama farare ko tsofaffi, kada ya ɓata kayan makaranta.

Na biyu adapalene mai kashi 0.1 cikin 100. Wannan dangin bitamin A ne, kuma aikinsa hana ƙofar toshewa tun daga tushe. Da daddare ake shafa shi, bayan an wanke fuska ta bushe sarai. Gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ya isa fuska gaba ɗaya: a ɗiga a goshi, da kumatu biyu, da haɓa, a baje shi siriri, a kauce wa gefen ido, da kusurwar hanci, da leɓe. A nan mutane da yawa suke kuskure, sai su riƙa ɗora magani a kan ƙurji ɗaya-ɗaya. Ƙurjin da ake gani yau ya fara ne makonni da suka wuce a ɓoye, kuma maganin yana aiki ne a kan waɗanda ba su fito ba tukuna. Don haka duk yankin da ƙuraje ke fitowa ake shafawa, har inda yake sumul a yanzu. A makonni biyu na farko ya riƙa tsallake dare ɗaya, in fatar ta saba sai ya koma kullum. Ɗan bushewa da saɓa abu ne da ake tsammani. Idan ya yi yawa, a huta kwana biyu, a sa man shafawa mai sauƙi, a ci gaba. Ana iya yin benzoyl peroxide da safe, adapalene da dare, akwai kuma wanda aka haɗa su biyun a mazubi ɗaya.

Abin da ke kayar da yawancin samari shi ne gaggawa. Ba a ganin canji na sosai kafin mako 6 zuwa 8, kuma ba a yanke hukunci a kan magani sai ya cika mako 12. A watan farko ma wani lokaci ƙurajen kan ɗan ƙaru. Yaro ya shafa kwana goma, ya ce ba ya aiki, abokinsa ya kawo masa wani, a haka sai a tara mayuka bakwai a kan taga babu wanda aka ba dama. Ki ɗauki hoton fuskarsa da bayansa a ranar da ya fara, a wuri mai haske, in ya yarda, ko shi ya ɗauka da kansa ya adana. Ido yana mantuwa, hoton zai nuna masa tafiyar da aka yi. Kuma idan fuska ta washe ba a dainawa, ana ci gaba da adapalene don kada su dawo.

Sai dai a yanayin ɗanki, da manya masu ciwo da kuma baya da ƙirji, ina ganin shafawa kaɗai da wuya ta wadatar. Ya kamata likita ya gan shi ido da ido. Abin da aka fi rubutawa a irin wannan hali shi ne doxycycline, galibi miligiram 100 sau ɗaya a rana, na kimanin wata uku, tare da mayukan da na ambata. Ba a shan sa shi kaɗai, kuma ba a zarcewa da shi wata da watanni babu iyaka, domin bakteriya tana saba masa. Ya sha shi da cikakken kofin ruwa bayan ya ci abinci, kada ya kwanta sai bayan aƙalla rabin awa, domin in ƙwayar ta tsaya a maƙoshi tana yi masa rauni mai zafi. Idan azumi ya riske shi yana sha, shan sa bayan buɗa baki ya fi dacewa a kan lokacin sahur, tunda yawancin yara suna komawa barci da sun gama sahur. Kada ya haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini ko na ƙwannafi, suna hana jiki tsotse shi. Yana kuma sa fata saurin jin zafin rana. Don Allah kada a saye shi kai tsaye a kemis saboda an karanta a nan.

Idan bayan wata uku babu ci gaba, ko kuma likita ya ga tun farko ramuka sun fara bayyana, akwai isotretinoin. Tun 1982 ake amfani da shi, kuma har yau babu maganin da ya kai shi a ƙuraje masu tsanani, domin yana ƙanƙantar da jakunkunan maiƙon ne da kansu. Ana auna shi da nauyin jiki, ana sha kamar wata biyar zuwa shida ko fiye, kuma mafi yawan waɗanda suka kammala suna samun sauƙi mai ɗorewa, ko da yake wasu kan buƙaci zagaye na biyu. Yana da sharuɗɗa masu nauyi. Leɓe zai bushe ya tsage, hanci kan yi haɓo, wasu kan ji ciwon gaɓoɓi. Ana gwada jini don duba hanta da kitsen jini. Ba a haɗa shi da doxycycline, ba a ƙara bitamin A a kai, ba a ba da gudummawar jini ana cikin sha har zuwa wata guda bayan an gama. Ana lura da yanayin zuciyar yaro, in ya shiga ƙunci ko ya canja hali a gaya wa likita nan da nan. Mafi girma duka, yana nakasa jariri a ciki ƙwarai da gaske. Ki kulle shi inda yayarsa ko matar yayansa ba za ta ɗauka ta gwada ba don ta ga ya yi masa aiki. Likitan fata ne kaɗai ya kamata ya rubuta shi, kuma ana samun su a asibitocin koyarwa, kamar na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Ahmadu Bello a Shika, da na Malam Aminu Kano.

Akwai wani nau'i da ba a cika gani ba, amma samari maza ya fi kamawa: ƙuraje su ɓarke farat ɗaya a ƙirji da baya, su zama gyambo, ga zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. In kin ga haka, asibiti a ranar.

Baƙin tabon da ya dame shi kuwa, in wurin a shafe yake babu rami babu tudu, launi ne kawai kuma zai tafi, sai dai yana ɗaukar watanni, wani har ya haura shekara. Hanya mafi sauri ita ce hana sababbin ƙuraje fitowa da daina matsa. Adapalene yana taimakawa, haka ma azelaic acid mai kashi 15 ko 20 cikin 100, wanda ke maganin ƙurajen da tabon a tare. Rana tana ƙara wa tabo duhu, don haka hula mai baki da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama (SPF 30 ake rubutawa a jikin kwali) suna da amfani, ko da mutum baƙi ne wuluk. Man bilicin ba hanya ba ce, da yawansu sitiroyid ɗin da muke gudu ne a ciki. Rami da tudu su ne masu buƙatar aikin likita, kuma sai an kashe wutar ƙurajen ake taɓa su. Idan a danginku akwai masu tabon da ke tsirowa ya yi tudu bayan rauni ko hujin kunne, ki faɗa wa likita tun a ganin farko, domin hakan yana sa a gaggauta magani mai ƙarfi.

Wani abu da zan so ki duba: ba kowane ƙurji ne na balaga ba. Waɗanda ke fitowa a ƙeya bayan aski, ko a haɓa da wuya idan ya fara aske gemu, yawanci gashi ne mai lanƙwasa ke komawa ya soki fata. Maganinsu ya fara da daina ƙwalƙwal da gyaran fuska da reza, a bar gashin da ɗan tsayi, kuma in da hali ya mallaki kilifarsa. Ƙananan ƙuraje masu girma ɗaya masu ƙaiƙayi a ƙirji da baya lokacin bazara kuma, suna iya zama ƙurajen zafi ko na wata ƙwayar cuta dangin ta makero da ke son gumi, waɗanda doxycycline ba ya yi musu komai, wani lokaci ma ƙara su yake. Ƙurajen balaga sun fi ciwo a kan ƙaiƙayi, kuma za a ga masu baƙin kai a cikinsu.

Na bar maganar daina fitarsa zuwa nan ne don ina so ki riƙe ta. Ɗa namiji ba ya cika cewa abu ya dame shi, sai dai a gani a aikace: ya bar ƙwallo, ya riƙa sunkuyar da kai, ya koma sahun baya a aji. Tsokanar abokai da ta 'yan uwa a gida tana shiga fiye da yadda manya ke zato, don haka ki hana ƙannensa da yayyensa yi masa suna da ƙurajen. Ki nemi babansa ya zauna da shi, ko da na minti biyar ne, ya ce masa ya ga abin kuma za a nema masa magani. Ki bar ragamar shafa maganin a hannunsa, ki ajiye shi kusa da buroshin haƙorinsa, kada ya zama abin faɗa kowane dare. Idan kuka je asibiti, ki ba shi dama ya yi wa likita bayani da bakinsa, ki ɗan fita waje in ya nuna yana so. Idan kuma kika ga barcinsa ko cin abincinsa ya canja, ko karatunsa ya ja baya, ko yana furta kalaman yanke ƙauna, ki faɗa wa likitan a wannan zuwan, kada ki jira fuskar ta warke tukuna. Ku tafi da kwalayen duk abin da ya taɓa shafawa ko sha, har wanda ya ƙare.